Inna na da ciwon zuciya, ya ake yi da maganar ruwa cikin zafin nan?

Ƴar Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah shawara nake nema. Innarmu ce aka kwantar a babban asibitin Damagaram, ƙafafu sun kumbura numfashi sama-sama, lokotoro ya ce zuciyar ce ta yi rauni ba ta tura jini yadda ya kamata shi ya sa ruwa ke taruwa a jiki. An sallamo mu da Lasilix, maganin da ke fitar da ruwan jiki ta fitsari, da wasu ƙwayoyi, aka ce kar ta sha ruwa fiye da litar ɗaya da rabi a yini kuma a rage gishiri. To ga zafin Afrilu, tsohuwa sai kukan ƙishi take, in na hana ta sai ta ce ban da imani. Wai fura ma cikin lissafin take? Kuma ya zan gane ruwan ya fara dawowa?

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Inna lafiya. Fura kam tana ciki, da kunu da koko da shayi da romo har kankana. Mu da Baba gorar litar ɗaya da rabi muke cikawa da safe, in ya sha kofin fura sai a zubar da kofi ɗaya daga gorar, in ta ƙare an rufe sai gobe. Ruwan leda rabin lita ne, uku kenan. Ƙishi kuma ki ba ta ƙanƙara ta tsotsa in akwai wuta, ko ɓarin lemun tsami, ko ta kurkure baki ta zubar.

Maman Biyu:
Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ƙanwata kowa ruwa yake sa wa ido alhali ɓarnar a tukunya take, gishiri shi ke riƙe ruwa a jiki kuma shi ke kawo ƙishin. Duka-duka kar ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali guda, kuma Maggi ma gishiri ne, haka kilishi da sardin na gwangwani, ga kanwa da muke jefawa cikin wake da miyar kuka ba a ɗauke ta komai ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. A cire mata miyarta daban, a ƙara albasa da tafarnuwa da citta.

Sannan ki sayi sikeli, wallahi ya fi duba ƙafa don kilo na hawa tun kumburi bai fito ba. Kullum da safe bayan ta yi fitsari kafin ta karya, ki rubuta a takarda. In ta ƙara sama da kilo 2 cikin kwana 3, ko ta koma barci a zaune don kwanciya na sa ta haki, kar ku jira randebu ku tafi. Lasilix da safe ake sha in ba haka ba kwana za ta yi tana zaryar bayi. In kuma zawo ko amai ya kama ta ko jiri in ta miƙe, wannan ruwan jikinta ne mai yiwuwa ya yi ƙasa, da zafin da ke haura 40 ba wuya, ku kira lokotoro kar ku ƙara ko rage magani da kanku.

Ɗan Zango:
Af na manta, diclofenac da ibuprofen na masu tebur a raba ta da su ko gwiwa na ciwo, suna tara ruwa suna taɓa ƙoda. Kuma kumburi ya sace ba dalilin aje magani ba ne, tsofaffin nan sun iya wannan.

Ƴar Birni:
Na gode Allah ya saka da alheri. Kanwar nan kam kullum sai mun sa. Gobe zan leƙa kasuwar Dole neman sikeli, Maman Biyu mai allura ko mai batir wanne ya fi?