Ruwan Jakara a kan latas

Baban Ummi: Jama'a, jiya na bi ta gefen kogin Jakara a nan Kano, na ga inji yana zuƙo ruwa baƙi ƙirin, har da kumfa, ana kwarara shi kan latas da alayyafo. Ruwan kwatamin birni ne fa, can ƙasa kuma rafin Getsi ya kawo na masana'antun Bompai ya haɗa. NESREA, hukumar kula da muhalli ta tarayya, tun 2007 take, amma wa ke auna ruwan nan kafin ya shiga lambu? Najasa muke ci!

Ɗan Yankaba: Najasa? Yaya, ka iya bakinka. Da kuɗin latas ɗin nan aka biya mana makaranta.

Malam Habu: Ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya sauya da ƙazanta ya najasta, babu ja. Amma malamanmu na Malikiyya sun ce shukar da aka shayar da shi tsarkakakkiya ce. A wanke kawai.

Maman Khalifa: To Allah gafarta Malam, kai za ka ci?

Malam Habu: Hukunci aka tambaya, Hajiya, ba cikina ba.

Injiniya: Ba maganar alwala ake ba. Sinadarin kuromiyam na majema in ya shige cikin ganye, wanki ba ya fitar da shi. Doka ake so, kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. A Windhoek ta Namibiya tun 1968 suke tace ruwan bahaya su mayar da shi famfo.

Maman Khalifa: Famfo? Tir! Mu namu famfon ma iska yake fitarwa, sai 'yan garuwa.

Jar Hula: Shekara takwas mutanenku suka yi suna mulkin jihar nan, ko kwata ba su yashe ba.

Ɗan Yankaba: Ku da kuka dawo, me kuka tace?

Jar Hula: Gyara ɓarnarku muke yi tukuna.

Baban Ummi: Ni fa awon ruwa na tambaya.

Ɗan Yankaba: Ka janye "najasa" tukuna.

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta: Malam ya ce latas halal ne, Baban Ummi ya yi wa manoma ƙazafi, Injiniya kuma yana so a ba mu ruwan masai mu sha. Mai son latas sabo gobe ya yi min magana ta gefe, ƙanena ke kawowa.