Tsakar gidana siminti ne, yara kuma sun yi hutu

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Yau kwana huɗu da fara dogon hutu, har kaina ya soma ciwo. Daga an karya sai rigimar waya, wannan ya fizge wancan ya yi kuka, in an ɗauke wuta kuma su dawo kaina. Gidan haya muke a Unguwar Dosa, tsakar gidan duk siminti ne, bai fi taku goma ba. Ina son abin da zai riƙe su, in da hali ni ma in samu ɗan ganyen miya a ciki, don alayyafon da ake ba ni a bakin titi yanzu ko tafin hannu ba ya cikawa.

Baba na Kakuri: Wa alaikumus salam 'yata. Siminti ba ya hana shuka. Tun da na bar aikin masaƙa nake noma a buhu, kuma gidana ya fi naki ƙunci. Ki samo buhunan shinkafa da aka juye, guda biyar sun isa a fara. Ki naɗe bakin kowanne ya dawo rabi, ki huda gindin da wuƙa wuri shida ko bakwai. Ƙasa baƙa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kaɗan. Kada ki ajiye buhun a kan siminti kai tsaye, ki ɗora shi a kan bulo ko duwatsu. Ga Agusta nan tafe, kin san ruwan Kaduna in ya kama sai ya kwana yana zuba. Buhun da ruwa ya kwanta a cikinsa saiwa ruɓewa take yi, sauro kuma ya samu gida.

Maman Iman: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Maƙwabciyata tana kiwon kaji, in karɓo kashinsu in zuba?

Baba na Kakuri: A'a, ɗanyen kashin kaji wuta ne, ƙone shuka yake yi. Sai wanda ya yi wata biyu ko uku a jibge, ya koma baƙi, warin ya tafi. In babu, ki nemi na awaki ko na shanu da ya bushe. Ranar Talata in kin shiga kasuwar Kawo ki tambayi masu dabbobi, a nan ma za ki samu irin alayyafo da na kuɓewa.

Abban Sadiq: Baba, ku yi haƙuri in ɗan sa baki. Buhu rana tana cinye shi, nawa kafin shekara ya zagayo duk sun yage, ƙasa ta watse a tsakar gida, uwargida ta yi mako tana mita. Na je Panteka aka raba mini duro biyu, shi ke nan na huta. Tsofaffin bokitan fenti ma suna yi.

Baba na Kakuri: Gaskiyarka, amma wadda ba ta san ko yaran za su jure ba, ta fara da abin da ba ta saya ba.

Amaryar Barnawa: Ni dai tumatur zan ce ki shuka Anti. Shi ne ke cinye kuɗin cefane a damina.

Hajiya Goggo: Ke amarya, da tumatur yana son damina ai da bai yi tsada a damina ba. Ruwa yana yi masa yawa, ganyen ya yi tabo, furen ya zube. Wanda kike gani jibge a Bakin Dogo cikin sanyi na noman rani ne. Ta bari sai ruwa ya fara ja da baya, wajen ƙarshen Satumba ta yafa iri, bayan mako huɗu ta dasa. Kuma ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon. A 2016 sai da gwamnatin jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatur saboda ita, wannan shekarar da tattasai da albasa muka yi ta miya. Yaro ba a fara masa da abin da zai mutu a hannunsa. Ki ba su alayyafo, mako huɗu sun ci abinsu. Sai yakuwa da rama, waɗannan ko an manta da su ba sa fushi.

Amaryar Barnawa: Tuba nake Goggo 😂

Malama ta Malali: Maman Iman, abin da ya yi mini aiki shi ne kowane yaro da buhunsa, a rubuta sunansa a jiki da gawayi ko fenti. Da zarar abu ya zama "nawa" za ki ga har rige-rigen tashi suke yi su duba. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, ki cakuɗa da yashi kafin ƙaramin ya yafa, in ba haka ba duk a wuri ɗaya zai zube. Kuɓewa kuma a jiƙa irin ya kwana, a sa ƙwaya biyu ko uku a rami, in sun fito a bar mai ƙarfi. Ita sai ta kusan wata biyu kafin ta fara 'ya'ya, don haka ki ba wanda ya fi haƙuri a cikinsu. Ki gargaɗe su ganyenta yana ƙaiƙayi.

Maman Iman: Mai haƙuri a cikinsu? To sai dai in ba babansu.

Maman 'Yan Biyu: Ni tambayata citta. Tun da cutar nan ta afka wa gonakin Kachia da Jaba da Kagarko a 2023 ɗanyar citta ta zama abin lallaɓawa, zoɓona har ya canza ɗanɗano. Tana yi a buhu?

Baba na Kakuri: Tana yi sosai, kuma tana son inuwa-inuwa. Ki zaɓi ɗanya mai ido, ki gutsura, ki binne ba da zurfi ba. Amma an ɗan makara, da ruwan farko ake sa ta, Afrilu zuwa Mayu, kuma sai ta yi wata takwas ko tara. Ki sa dai, ko ba ta yi girma ba kin samu iri na baɗi.

Hajiya Goggo: To ku masu shuka kun gama? Bari in faɗa mata abin da za ta yi da ganyen, don na ga 'yan matan yanzu yakuwa a miyar taushe kawai suka san ta. Ranar da aka tashi da ruwa, gari ya yi luf, ki yi musu faten tsaki. Ki fara ɗora wake shi kaɗai, sai ya yi laushi. Wannan shi ne wurin da ake kuskure: in yakuwa ta riga wake shiga tukunya, tsaminta ba zai bar shi ya nuna ba, ki ƙone gas a banza. Ya yi laushi, ki zuba jajjagen attaruhu da tattasai da albasa, manja, daddawa, busasshen kifi in akwai, ko ƙashi mai ɓargo. Tsakin masaran ki wanke shi ki rege, dusar ta tashi, sannan ki zuba a hankali kina juyawa kada ya yi gudaji. In ya fara kumbura sai dakakkiyar gyaɗa. Ganye a ƙarshe: rama ko alayyafo, yakuwa, gauta in kuna son ɗan ɗaci, lawashi a sama. Kada ki rufe tukunya ki tafi hira, fate yana kamu, kuma ki bar shi da ruwa-ruwa domin yana hucewa yana yin kauri. In tsamin ya yi wa yara yawa, ki tafasa yakuwar daban ki zubar da ruwan fari.

Malama ta Malali: Goggo, wata abokiyar aikina 'yar Kafanchan da acca take yin nata, wallahi ya fi sauƙi a ciki. Sai dai wankin acca aiki ne, in ba ki rege ta da kyau ba yashi zai hana kowa tauna.

Hajiya Goggo: Na acca na masu haƙurin rega ne. Ni idona ya daina ganin yashi.

Abban Sadiq: Goggo, a Rigasa muna jiran kwano.

Hajiya Goggo: Ɗan nan, kai da ka ci mini ɗanwake ranar suna ko sannu ba ka ce ba.

Amaryar Barnawa: Tun da an ambaci ɗanwake, don Allah me ya sa nawa yake narkewa a ruwa? Sau biyu ke nan ina mayar da shi kamar kunu, maigida yana ci yana cewa ya yi daɗi, ni na san kara ce.

Maman 'Yan Biyu: Kuka ce ta yi kaɗan ko kwaɓin ya yi ruwa. Kuka ita ke riƙe shi. Ki jiƙa kanwa ki tace, da ruwan za ki kwaɓa, kuma sai ruwan tukunya ya tafasa sosai kafin ki fara sakawa. Ki jefa guda ɗaya tukuna ki gani. In ya taso sama bai watse ba, ki ci gaba. Maman Iman, wannan ma aikin yara ne, nawa faɗa suke yi a kan wa zai jefa, sai dai ki tsaya a kansu saboda ruwan zafi.

Maman Iman: Duk na rubuta. Amma shuka da girki safe ne, da daddare fa? Nan ne rigimar take.

Baba na Kakuri: Ki koya musu dara. Ba sai an haƙa rami ba, ki zana a siminti da gawayi, gida 30, layi biyar kowanne gida shida. Kowa 'ya'ya 12, wannan ya ɗauki marfin kwalba, wancan ƙwallon dabino. Ana ajiyewa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, ba a jera uku lokacin ajiya. Daga nan sai tafiya, gida ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya cire ɗa ɗaya na abokin wasa. Huɗu a jere ba ci ba ne. Jikana ɗan aji huɗu yanzu sai na yi da gaske nake cinye shi.

Malama ta Malali: Matan kuma carafke, tsakuwa kawai ake nema. Mu a gidanmu in an ɗauke wuta ba na barin a kunna fitilar waya, tabarma muke shimfiɗawa a yi kacici-kacici. Wanda ya kasa ya ba da gari, wanda aka fi cin garuruwansa shi ne mai wanke-wanken safe. Bari in gwada ku: shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya.

Abban Sadiq: Tsintsiya. Malama, wannan ai na 'yan aji ɗaya ne. Ga nawa: rawanin baba ya faskara naɗuwa.

Amaryar Barnawa: Hayaƙi?

Abban Sadiq: Ba ni gari.

Amaryar Barnawa: Na ba ka Zariya.

Abban Sadiq: Na karɓa har da ganuwarta. Hanya ce.

Hajiya Goggo: Ku bar yaran su yi langa ma in ruwa ya ɗauke, amma ba a kan jiƙaƙƙen siminti ba, kada a kawo mana labarin ɗori. Tatsuniya kuwa ku turo mini su Tudun Wada su kwana biyu, ku iyayen yanzu daga "ga ta nan ga ta nanku" sai ku fara lalube, Gizo bai bar gida ba kun kai ƙurunƙus.

Maman Iman: Goggo kin faɗi gaskiya, ko jiya sai da Iman ta gyara mini.

*Bayan mako huɗu*

Maman Iman: Salam jama'a, na dawo da rahoto. Alayyafon Iman da na ƙaninta sun yi, jiya muka yanka muka yi faten Goggo, har wanda ba ya cin ganye ya yi ƙari don wai nasa ne. Buhu ɗaya ya lalace, laifina ne, na manta ban huda shi ba. Yakuwa tana nan lafiya. Kuɓewar ce wani abu ke huda ganyenta, ga wasu ƙananan ƙwari a bayan ganyen. Babansu ya ce a sayo maganin feshi, ni kuma ina tsoro saboda yara suna taɓawa.

Baba na Kakuri: Madalla. Alayyafon in kin yanka ki bar kamar tsawon yatsa a ƙasa, zai sake tohowa. Ƙwarin kuma ki samo ganyen darbejiya, ki daka, ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki ɗiga sabulu kaɗan, ki yayyafa da yamma har bayan ganyen. Duk bayan kwana biyar, kuma in an yi ruwa ki sake. Ki daina kwana biyu ko uku kafin ki tsinka, ki wanke da kyau saboda ɗaci.

Abban Sadiq: Ni na gwada darbejiya, fara ko gezau ba ta yi ba.

Baba na Kakuri: Fara a buhu biyar ai hannu ake sa mata. Ga yara uku a gida.

Malama ta Malali: Waya fa? An rabu?

Maman Iman: Ina fa, an dai rage. Yanzu babansu ne matsalar. Shi ya karɓi koyar da dara, shekaranjiya Iman ta cinye shi sau biyu a jere, ya ce a sake, har sha ɗaya na dare suna tsakar gida sauro yana cizonsu.

Hajiya Goggo: Dara ta ci gida ke nan 😂 Ki turo mini yakuwar in ga ko ta kai a yi magana.

Baba na Kakuri: 'Yata, zan sassabe zogalena ranar Asabar. Ki aiko yaron nan bayan La'asar ya karɓi reshe biyu, a kafa su a babban bokiti. Ya zo da igiya, suna da tsawo, mai Keke ba zai ɗauka haka ba.

Amaryar Barnawa: Baba a ajiye mini ɗaya. Kuma Maman 'Yan Biyu, ɗanwaken ya tsaya.