Neman kalmar Hausa: "interactive TV" da "wireless" a shiri kan Steve Perlman

MaiShiri: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe huɗu za a naɗi shirin kimiyya kan Steve Perlman, Ba'amurken da ya kafa WebTV, kamfanin akwatin shiga intanet ta talabijin, a 1995 shi da Bruce Leak da Phil Goldman, har Microsoft ya saye kamfanin a 1997 kan dala miliyan 425. Kalma biyu sun tsaya mini: "interactive TV", sai "wireless", tunda daga baya ya koma wannan fannin da kamfaninsa Artemis. Na rubuta "talabijin na zamani", raina bai kwanta ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, cire "na zamani", ba ta faɗi komai ba. Abin da ya bambanta shi shi ne hanyar komawa, wato hanyar da saƙon mai kallo ke bi ya koma wurin kamfanin. Dikodar tauraron ɗan adam karɓa kawai take yi, shi ya sa in ana zaɓe a wani shiri sai ka ɗauki waya ka tura saƙo. Akwatin WebTV da Sony da Philips suka fitar a 1996 kuwa modem ne a cikinsa, wato na'urar tura bayanai da karɓarsu ta layin waya, mai gudun kilobit 33.6 a daƙiƙa. Igiya ɗaya ta shiga layin wayar gida, ɗaya ta tafi bayan talabijin. Ka danna rimot, buƙatarka ta bi layin zuwa kwamfutocin kamfanin, su ɗauko shafin intanet ɗin, su rage nauyinsa, su gyara shi daidai fuskar talabijin, sannan su turo. Gyaran dole ne, don talabijin na lokacin layi-layi yake zana hoto, ya zana ɗaya ya tsallake ɗaya, siririn rubutu sai ya riƙa rawa. Shawarata: "talabijin mai karɓar amsa".

MaiFassara: Injiniya, taka ta fi dacewa da QUBE, tsarin talabijin na igiya wanda kamfanin Warner ya buɗe a Columbus ta jihar Ohio a 1977. Can gidan talabijin ke tambaya, mai kallo ya danna ɗaya daga maɓallan amsa biyar. A WebTV mai kallo ne ke nema, akwatin ya kawo. "Talabijin mai mu'amala" ta ɗauke duka biyun.

Dattijo: Mu'amala Larabci, talabijin Turanci. Ina Hausar take? Kakanninmu sun ce ba ni gishiri in ba ka manda. A ce "akwatin ba-ni-in-ba-ka". Kowace tsohuwa a ƙauye za ta gane.

MaiFassara: Allah ya ƙara girma, Baba, za ta gane, amma musayar kaya za ta ɗauka ana nufi. Kuma mu'amala ta zauna a bakinmu kamar littafi da alƙalami.

Dattijo: Haka kullum kuke cewa. Tafi-da-gidanka ma ai an yi mata dariya. Har yaushe za mu riƙa ara alhali muna da namu?

ƊanMaraɗi: Baba na da gaskiya a wani gefen. Mu nan "tele" muke cewa, ku "talabijin", aron kowa daga wanda ya mulke shi. "Akwati" ce kaɗai ta haɗa mu. Amma Hausar Kano ba ita kaɗai ce Hausa ba, a riƙa tambayarmu kafin a yanke.

Dattijo: Ka ji, ɗana. Akwatin ba-ni-in-ba-ka.

Injiniya: Akwatin rediyo akwati ne, dikoda ma akwati ce. A wannan shirin akwai akwatin WebTV daban, talabijin daban, mai sauraro zai rikice.

MaiShiri: Jama'a, lokaci na tafiya, ba a taɓa ta biyun ba. "Mara waya" ta yi?

Injiniya: A'a. Yau in ka ce "mara waya", mutumin da ba shi da salula za a ɗauka. Ka ce "mara igiya". Kuma ka kula, wuri biyu za ta fito. Allon rubutun WebTV mara igiya ne, amma da hasken da ido ba ya gani yake aiki irin na rimot, in wani ya gitta tsakani saƙo ya yanke. pCell, fasahar sadarwar salula da Artemis ya nuna a 2014, kuwa siginar rediyo ce: eriya da yawa suna watsawa lokaci guda, an lissafa yadda siginoninsu za su haɗu su yi ƙarfi daidai inda kowace waya take, maimakon wayoyi su raba ƙarfin hasumiya ɗaya.

Dattijo: "Wayar iska" fa? Tun zamanin Turawa muke da ita.

MaiFassara: Wannan kam na yarda, Baba. "Sadarwar iska" ga pCell, "mara igiya" ga allon rubutu.

MaiShiri: Na ɗauka. Ta farkon zan ce "talabijin mai mu'amala", in bi ta da bayanin hanyar komawa sau ɗaya. Karin maganar Baba zan sa ta a cikin bayanin.

Dattijo: A bayani kawai? To. Ban yarda da mu'amala ba, amma je ka naɗi shirinka. Bayan ya fita mu dawo kanta.