Me za mu kira irin jirgin Mauretania da Hausa?

Mai Fassara: Jama'a a agaza. Gobe da hantsi zan gabatar da shirin tarihi a rediyo kan jirgin Mauretania na kamfanin Cunard, wanda ya fara tashi daga Libaful zuwa New York a Nuwamban 1907. Kalmar da Turawa ke cewa "laina" ce ta tsaya mini a wuya. Na rubuta "jirgin ruwan fasinja", edita ya ja masa jan biro, wai ai kwalekwalen Yawuri ma fasinja yake ɗauka.

Ɗan Zazzau: Jirgin ruwan jigila. Abin da kalmar ke nufi ke nan: hanya ɗaya, ranar tashi sananniya, a je a dawo.

Baba Mai Ƙamus: Ratsa-teku. Gajere, ginin Hausa tsantsa, irin su ɓata-gari da gagara-badau. Shekaru nake faɗa, ba mai saurare.

Malamar Tarihi: Allah ya ƙara girma Baba, amma jirgin dakon kwal ma ratsa teku yake yi. Kuma akwai inda za ka maƙale, Mai Fassara. Jirgin nan ya kafa tarihin gudu a tekun Atilantika a 1909, kwana huɗu da awa goma sha ɗaya ba kaɗan, ba a ƙwace ba sai 1929 da jirgin Bremen na Jamus ya zo. Da tsufa ya kama shi aka shafe shi da farin fenti yana kai masu kuɗi yawon shan iska, kafin a farfasa shi a 1935. Aiki biyu ne, suna ɗaya ba zai ɗauke su ba. Jigila ta dace da na farko.

Baba Mai Ƙamus: 'Yata, ku yaran yanzu ba ku kishin harshe. Fasinja, laina, edita! Kakanninmu da jirgi kawai suka sani, na kan kogi, suka fitar da jirgin ƙasa da jirgin sama ba su roƙi kowa ba.

Ɗan Damagaram: Mu nan da Faransanci "pakebo" ne, asalinsa jirgin ɗaukar wasiƙu. Mauretania ma yana ɗaukar wasiƙun gwamnatin Ingila. Me zai hana jirgin wasiƙu?

Ɗan Zazzau: Fasinja sama da 2,000 ka mayar da su ambulan? Ku bar mana Hausar.

Ɗan Damagaram: To fa. Masu cewa "mota" ne za su koya wa Damagaram Hausa?

Mai Fassara: Don Allah ku dawo, ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce.

Malamar Tarihi: Ka ce "katafaren jirgin ruwan jigila" a karon farko, daga nan "jirgin" kawai. Ka kuma faɗa cewa sunan na tsohon lardin Rumawa ne a arewacin Afirka, kada a zaci na ƙasar Muritaniya ne.

Baba Mai Ƙamus: Kalma huɗu a gurbin ɗaya. Ku yi ta yi.

Mai Fassara: Na ɗauki na Malama. Baba, zan saka ratsa-teku sau ɗaya inda nake maganar gudunsa, in edita bai goge ba.

Baba Mai Ƙamus: Ka sa masa karan ɗori dai.