Samari sun daina zuwa cibiyar kwamfutarmu, ina neman shawara

Ɗan bautar ƙasa, Jos ta Kudu:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ke kula da wata 'yar cibiyar koyon kwamfuta a wani ƙauye da ke bayan Bukuru. Kwamfutoci takwas ne, sai sola da ke kai mu la'asar idan babu hadari. Da aka buɗe har ta taga ake leƙe, yanzu kuwa 'yan firamare kaɗai suka rage. Waɗanda na fi so in kama, 'yan shekara 14 zuwa 18, sun koma ramin kuza, don can ko ba komai mutum zai dawo da na kashewa. 'Yan mata kuma iyaye sun ce lokacin Islamiyya ne. Word da Excel nake koyarwa, ina kallo suna hamma. Wallahi abin yana damuna, yaran nan suna da ƙwaƙwalwa.

Malamar sakandare, Unguwar Rogo:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya saka. Ajiye Excel tukuna. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yanzu kuma tambaya 180 ce cikin awa biyu. Na san yarinyar da ke ɗaukar na ɗaya a aji, amma ranar da ta fara kama linzamin kwamfuta a ɗakin jarrabawa ne, hannu na rawa, lokaci na tafiya. Faɗa wa iyaye haka ka ga ko ba za su turo su ba. Kuma kada ka ja da Islamiyya. Yawanci Alhamis da Juma'a hutu ne, ka ware su ga 'yan mata zalla, ka samu dattijuwa guda ta riƙa zama da su. Kafin nan ka je ka gaida mai unguwa da liman, da kanka, ba aike ba.

Mai gyaran waya, Taminus:

Hajiya ta yi gaskiya, sai dai wanda ya ɗanɗana kuɗin kuza ba JAMB ce za ta fito da shi daga rami ba. Ƙanena, tara matattun wayoyi, ka sayi sukudireba da na'urar auna wuta, ka bar su su buɗe su gani. Ranar da yaro ya canja bakin caji aka miƙo masa kuɗi, kai za ka riƙa korarsa gida. Haka katin biki da gyaran hoto.

Injiniya, Rayfield:

Malam, idan data ce matsala, sauke manhajar Kiwix da kwafin Wikipedia sau ɗaya a gari, za ka buɗe Wikipedia har da ta Hausa ba intanet. Scratch, manhajar koya wa yara tsara wasanni a kwamfuta, ma na aiki haka. Ka tura su da waya su naɗo muryar tsofaffin da suka yi aikin kuza a kamfanonin Turawa, su tace, a kunna a dandali da dare. Da damina kuma ka rage kwanaki, dankali ba ya jira.

Ɗan bautar ƙasa, Jos ta Kudu:

Na gode, Allah ya bar zumunci. Mama, gobe bayan azahar zan isa wurin liman. Yaya mai gyara, ko za ka ba mu Asabar ɗaya ka zo ka nuna musu? Kuɗin mota a kaina.