Neman shawara: ginin ajujuwanmu ya tsaya a linta, kowa na cewa ba huruminsa ba ne

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Malami ne ni a firamaren garinmu, kuma ni ne sakataren kwamitin kula da makarantar, wato SBMC. Damina biyu ke nan da aka kafa mana allon kwangila a bakin makaranta: ajujuwa uku da ofis, ga sunan UBEC, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, ga na hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharmu. Ɗan kwangila ya kai gini linta, ya kwashe leburorinsa, ko ƙeyarsa ba mu sake gani ba. 'Yan aji ɗaya da biyu a gindin darbejiya suke karatu, hadari na haɗuwa sai a tashe su. Na je wurin sakataren ilimi, ya ce aikin jiha ne. Na tari ɗan majalisarmu na jiha a wurin ɗaurin aure, ya ce kuɗin Abuja ne, majalisarsu ba ta da ta cewa. To wa ke da ta cewar? Ina za mu dosa mu ji nawa aka ware, nawa aka biya? Don Allah masana ku taimaka.

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam Malam. Honorabul ɗinku ko dai bai sani ba, ko ya zame maka ne. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimi a matakin farko, amma ta gindaya sharaɗi: jiha ba ta taɓa tallafin gine-gine sai ta zuba nata, aƙalla rabin kuɗin aikin. Shi ya sa kake jin biliyoyin naira na jibge a UBEC, wasu jihohi sun kasa ɗauka. Tunda har an kafa muku allo, ka ƙaddara akwai kuɗin jiha a ciki, kuma rabon jihar nan majalisar jiha ce ta amince da shi a kasafi. Hukumar da ta ba da kwangilar ma dokar jiha ce ta kafa ta. Sashe na 128 na tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar jiha ikon bincikar duk hukumar da ke kashe kuɗin da ta ware, sashe na 129 kuma ya ba ta ikon kiran kowa ya zo da takardu, in ya ƙi a fitar da takardar kamo shi. Irin wannan ikon ne majalisar tarayya ke da shi a sashe na 88 da 89, ita kuma UBEC ce a gabanta.

Wani abu kuma, kada shekarar da ke jikin allon ta ruɗe ka. Sau da yawa shekarar rabon kuɗin ce ake rubutawa, ba shekarar da aka ba da aikin ba, domin jiha kan yi jinkirin zuba nata. In za ku rubuta koke ku kwafi allon harafi da harafi, har da lambar kwangilar in akwai. Da wannan ake gano makarantarku cikin jadawalin ayyukan da jiha ta miƙa wa UBEC kafin a sakar mata kuɗi.

Ɗan Zaure: Baba Akawu, Allah ya ƙara girma, amma a takarda kake magana. Wace majalisar jiha ce za ta tsitsiye shugaban hukumar da gwamna ya naɗa? Kwamiti ya fita zagayen gani da ido, a cika musu ciki da but ɗin mota, su dawo su ce aiki na tafiya. Ni shawarata ku ɗauki hoto ku watsa, ku shiga gidan rediyo. Kunya kaɗai suke ji.

Tsohon Akawu: Ɗana, ban ce waliyyai ba ne. Na zauna da su shekaru, na san halin kayana. Amma koken da aka miƙa ofishin Akawun Majalisa aka buga masa hatimin karɓa ya shiga tarihi, maganar wurin ɗaurin aure kuwa iska ce. Akwai ma wata kafa da ɓarna ke bi ta wuce: sashe na 125 bai ba Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha damar binciken asusun irin waɗannan hukumomi da kansa ba. Jerin sunayen masu bincike yake ba su su zaɓa, shi ya yi tsokaci a kan rahoton, ya riƙa leƙawa lokaci-lokaci. In ba wanda ya ɗaga yatsa, gininku ba zai taɓa fitowa a gaban kwamitin majalisa na bin diddigin kuɗin gwamnati ba.

Lauyar Talakawa: Malam, ku haɗa da dokar 'yancin samun bayanai, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. Ba sai kun faɗi dalilin da ya sa kuke nema ba. Hukuma na da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa, in ta yi gum ana ɗaukarsa ƙi ne, kuna da kwana 30 ku garzaya babbar kotu. Da can jihohi kan fake da cewa dokar ta tarayya ce, amma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke, a wata ƙara da ta taso daga Jihar Edo, cewa ta hau kansu su ma. Ku rubuta wasiƙa biyu, ɗaya ga hukumar jiha, ɗaya ga UBEC a Abuja. Ku takaita: sunan kamfani, kuɗin kwangila, nawa aka ba shi na kafin alƙalami, nawa aka biya zuwa yau, da takardar injiniyan da ya duba aikin. In amsoshin biyu suka saɓa, to kun samu abin kai wa ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci.

Maman Ilham: Duk na ji, amma Malam ka ce kai malami ne. Hukumar da za ka yi wa tambaya ita ke riƙe da albashinka. Maƙwabcinmu ya yi irin wannan zaƙewar, wata bai cika ba aka cilla shi wani ƙauye da sai an tsallaka rafi. Ka rubuta, amma shugaban kwamiti ya sa hannu, da dagaci da liman da shugabar mata. Kai ka tsaya a baya da fayil.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri. Hajiya, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi, uwargida ma abin da ta ce ke nan. Shugaban kwamitinmu manomi ne, ba ya cin albashin kowa, na kira shi yanzu ya ce ranar Juma'a bayan an sauko za mu zauna a ƙofar dagaci. Na leƙa allon da yamman nan, rana ta cinye rabin rubutun, lambar kwangilar ta goge. Barista, wasiƙar za ta karɓu da sunan makaranta da shekara kawai?

Lauyar Talakawa: Za ta karɓu. Ka sa sunan makaranta da mazaɓa da ƙaramar hukuma, ka maƙala hoton allon da na ginin. Ku yi kwafi biyu-biyu, su buga hatimi da kwanan wata a naku, domin daga ranar ake fara ƙirga kwana bakwan.