Sun ɗauke ni hoto sun watse, yanzu ni ake bi bashi: ku ba ni shawara

Mai Keken Rigasa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a yi min haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya cika min ciki.

Wasu a nan sun san fuskata ko da ba su san sunana ba. Ni ne mai Keke Napep ɗin nan da aka yi ta yawo da bidiyonsa bayan ƙaramar Sallah, wanda ya mayar da jaka. Layina a Kaduna daga tashar jirgin ƙasa ta Rigasa zuwa Bakin Ruwa, in an samu shata in leƙa cikin gari. Keken ba nawa ba ne, na wani bawan Allah ne a Tudun Wada, kullum da dare nake kai masa balas. Da can acaba nake yi, har aka hana shi a cikin gari a 2014, sai na koma shagon kawuna a Kasuwar Barci muna sayar da gwanjo. Da aka rushe kasuwar don a sake ginawa kawu ya koma Giwa noma, ni kuma na yi ta buga-buga, har dako na yi a Panteka, kafin wani abokina ya tsaya min aka ba ni keken nan. Ina da mata ɗaya da yara uku, ga mahaifiyata a wajena, tana fama da ciwon ƙafa. Na faɗi wannan ne don ku san ba hutu na taso a ciki ba.

Ranar da abin ya faru, jirgin Abuja na yamma ya sauke, na ɗauki wani dattijo shata zuwa tashar Kawo, ya ce Zariya zai wuce. Sai da na koma gida ina wanke keke na ga jakar bakko a bayan kujera. Na buɗe, shadda ce a sama, a ƙasa kuɗi ɗauri-ɗauri an naɗe su da ɗankwali, sai katin asibiti mai lambar waya a baya. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Na tura jakar ƙarƙashin gado, matata ta zauna a bakin ƙofa da carbi kamar mai gadi, ko akuya ta motsa a waje sai gabanmu ya faɗi. Ana idar da sallar Asuba na kira lambar. Mutumin da ya ji abin da na ce, kuka ya hana shi magana, sai ɗansa ne ya karɓi wayar. Ashe kuɗin aikin matarsa ne da aka haɗa masa.

A ofishin ƙungiyarmu aka yi miƙa kayan, a nan wani ya ɗauka a waya ya sa a Facebook. Daga nan aka kira ni wani gidan rediyo. Mahaifiyata ta ji muryata a rediyonta, ta tara maƙwabta. Tun da nake ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba, kuma har gobe shi ne abin da na fi alfahari da shi a rayuwata. Sai wani Alhaji ya aiko aka kai ni gidansa a Unguwar Rimi, ga masu kyamara, ya dafa kafaɗata ya ce zai saya min sabon keke nawa na kaina.

To har yau shiru. Yaronsa ya daina ɗaukar wayata, mai gadi kuma kullum Alhaji na Abuja. A unguwa kowa ya ɗauka na karɓa na ɓoye. Baffana ya aiko a ba shi kuɗin taki, surukaina sun yi fushi, mai keken ma ya ƙara min balas wai ai yanzu na zama babban mutum. Yanzu wani yaro ɗan TikTok ya ce in zo mu yi sabon bidiyo in kama sunan Alhajin, zai biya ni. In yi ko in bari? Kaina ya kulle.

Baban Khalifa:

Ƙanena, saurare ni da kyau, don ni na san mutanen nan ciki da bai. Ba keke ya yi niyyar ba ka ba, hotonka ya saya, kuma ya saye shi kyauta. Yaren da suke ji ɗaya ne, kunya a bainar jama'a. Ka tuna yaron nan na Kano mai adaidaita da ya mayar da naira miliyan 15 a 2023? Duk ƙasa ta san da shi, manya suka yi ta kiransa, saboda maganarsa ba ta bar bakin mutane da wuri ba. Kai kuma ka koma gida ka naɗe hannu kana jiran yaron Alhaji ya kira ka. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ka yi bidiyon gobe-goben nan, ka kama suna, ka sa guntun inda ya yi alƙawarin. In keke bai iso ƙofar gidanka cikin mako guda ba, ka zo nan ka ƙaryata ni.

Maman Ilham:

Allah sarki, Allah ya saka maka da alheri bawan Allah. Ni labarin nan tsohon miki ya fama min. 'Yata ta zo ta ɗaya a musabaƙar Alƙur'ani ta ƙaramar hukuma, izu ashirin, a gaban jama'a aka ce an ba ta keken ɗinki da kuɗin makaranta. Mun ɗinka mata sabon hijabi, na yi hayar mota muka je da dangi, har guɗa aka yi. Abin da ya shigo gidan nan filas ne da dadduma. Na bi sawu har takalmina ya tsinke. Babanta kuwa ko a jikinsa, wai ni ce mai son abin duniya, alhali ko littafi bai taɓa saya mata ba, ni nake yin awara ina biyan kuɗin Islamiyya. Maza dai sai a hankali. Ka yi haƙuri kawai, ka bar su da Allah.

Malam Na Badarawa:

Wa alaikumus salam. Abin da ka yi wajibi ne ka sauke, Allah ya ce a mayar da amana ga masu ita, Suratun Nisa'i aya ta 58. Ko da ba ka samu lamba ba, hukuncin tsintuwa shi ne ka yi cigiya shekara guda. Saboda haka ladanka na wajen Allah, kada ka je ka sayar da shi a TikTok. Shi kuma mai alƙawari, Suratus Saffi ta tambayi masu faɗin abin da ba sa aikatawa. A Malikiyya, magana mafi shahara ita ce alƙawari yana zama dole idan wanda aka yi wa ya shiga wata ɗawainiya saboda shi. To ka shiga? Sannan ba ka gaya mana ba, shi mai jakar bai ba ka komai ba?

Mai Keken Rigasa:

Allah ya gafarta Malam, ya ba ni dubu 50, na ƙi karɓa sai da shugaban ƙungiya ya sa baki. Amma kuɗin ba su zauna ba. Na yi wa takardar yabon da ƙungiya ta ba ni firam, na sayi waya mai kyamara tunda 'yan jarida na kira, sauran aka yi ɗan abinci saboda masu zuwa barka. Maganar ɗawainiya kuma, na ɗauki adashin matata na ba wani kafin alƙalami zai yi min lamba da takardun sabon keken, don kada ya zo ya tarar ban shirya ba. Ni ban ga laifi a nan ba, mutum babba ne ya yi magana a gaban duniya.

Baban Khalifa:

Kun ji ko! Har Malam ya yanke hukunci, bashi ne a kansa. Maman Ilham, irin wannan “a bar su da Allah” ɗin ne ya sa suke taka mu. Allah ai bai hana ka neman haƙƙinka ba.

Malam Na Badarawa:

Ban yanke hukunci ba, Baban Khalifa. Ni ba alƙali ba ne, kuma ban ce a tona asirin kowa ba. Lambar keken da ba a saya ba, wa ya sa shi?

Baba Ɗan Masaƙa:

Yaro, ni na girme ku duka a nan, jikana ne ke rubuta min. Na yi aiki a masaƙa a Kakuri lokacin da in aka tashi daga aiki kekuna ke rufe titi, ba ka ganin kwalta. Shekara guda aka zaɓe ni gwarzon ma'aikaci a sashenmu, manaja ya ba ni hannu, aka ba ni agogon bango da turmin atamfa, hotona ya fito a jarida. Uwargida ta yanke shafin ta sa a ƙasan akwati, yana nan ya yi ja. Da aka rufe masaƙar haƙƙinmu ma bai fito ba, abokan aikina da yawa sun mutu suna jira. Agogon dai yana aiki, batir kawai nake canja masa. Ka koma kan kekenka.

Barista Ba Kwali:

Ni ba lauya ba ne, amma na yi aiki a ofishin lauyoyi. Baban Khalifa zai kai ka ya baro ka. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, an sha kama mutane da ita kan abin da suka wallafa, ga kuma ƙarar ɓata suna. Ko kana da gaskiya, kafin a gane ka kwana a bayan kanta, kuma ranar ɗan TikTok ɗin zai kashe wayarsa. Shi mabiya yake nema. Ka samu limamin masallacin da Alhajin ke Juma'a, ko mai unguwarku, su je su tuna masa cikin mutunci. Kuma wanda ka ba kuɗin lamba, ya ba ka rasit?

Abba Kawo:

Hhhh shahara kenan. Ni ma na taɓa fitowa a talabijin ɗin duniya, gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, ina cikin yaran da ke tsince ƙwallo a filin wasa na Ahmadu Bello. Kyamara ta haska ni ina miƙa wa wani Bature ƙwallo. Wata guda ana kirana Ɗan Fifa a Hayin Banki, har budurwa na yi da shi. Yanzu caji nake yi a bakin tasha. Oga da ni ne na tsinci jakar nan da tuni ina Kwatano.

Maman Ilham:

Kai Abba ji tsoron Allah, kuɗin mara lafiya ne fa. Irinku ne kuke sa a daina yarda da masu keke.

Baban Khalifa:

Barista, da tsoro ake cin talaka. Wace kotu ce za ta ɗaure mutum don ya nuna bidiyon da mai maganar ya kira 'yan jarida da kansa suka ɗauka? Liman kuma, wa ya gina masallacin? Ni nan da kuke gani na taɓa karɓo wa ƙanina kuɗin kwangila da rubutu ɗaya a Facebook, kafin Magariba alat ya shigo. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, mai keken haya aikin gidan mai da mai keke kawai yake yi. Wannan ce damarsa guda ta mallakar nasa, ku kuma kuna ce masa ya je ya yi ta kallon agogon bango.

Hajiyar Malali:

Ni tambayata ɗaya, matarka ta san adashinta ya tafi? Kuma kwanakin da kake sintiri Unguwar Rimi, wa ke biyan balas?

Mai Keken Rigasa:

Hajiya maganar gida ce wannan, za mu daidaita. Balas kuma akwai na 'yan kwanaki a kaina, shi ya sa mai keken ke ɗaga murya, amma ai ba yawon banza na je ba. Barista, rasit babu, mutumin ɗan unguwa ne, tare muke sallah. Baba na gode, amma ku lokacinku da albashi. Malam, ni ba ladana zan sayar ba, so nake mutanen unguwa su san ban karɓi komai ba, ko gaisuwa wasu sun daina amsa min. Kuma har yanzu ban ce Alhaji ya yaudare ni ba, wataƙila yaransa ne ba sa isar da saƙo.

Barista Ba Kwali:

To in wanke kanka kake so, yi bidiyo ka ce keke bai zo ba tukuna, ba sai ka kama suna ba.

Baban Khalifa:

Bidiyo ba suna ai shan ruwa ne da cokali mai yatsu. Turo min lambar yaron TikTok ɗin ta inbox, ni zan tsara muku abin da za a faɗa.

Mai Keken Rigasa:

Yaron ya ce zai zo gobe bayan La'asar. Zan dai saurare shi, ban ce zan yi ba. Waye a nan ya san wanda ke shiga gidajen Unguwar Rimi ba tare da mai gadi ya tsayar da shi ba?

Abba Kawo:

Wai don Allah wa ke da bidiyon farkon? Ni ban ma gani ba.